Daga Rimin Gado Zuwa Mambila: Hutun da Ya Zama Rabon Gado

Wanda ya tashi a karkarar Rimin Gado ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Garin yana kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum 104,790 a cikin murabba'in kilomita 225. Wato kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da 460. Irin wannan cunkoson karkara ne Michael Mortimore ya yi nazarinsa a kewayen Kano tun shekarun 1960: gona na jingine da gona, ba a barin saura, taki ake kaiwa kowace bazara domin ƙasar ta ci gaba da ba da gero da dawa da gyaɗa. Daga Gulu zuwa Karofin Yashi, abin da ido zai ɗaga kai ya kalla bai wuce rimi da kuka da ɗorawa ba, sai hasumiyar masallaci da ƙarfen kamfanin waya.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda ya doshi shekara saba'in. Kowa Malam yake ce masa. Dutse ɗaya ya taɓa hawa a rayuwarsa, wato Dala, ranar da ya kai 'yan aji shida su ga inda tarihi ya ce Barbushe yake ganawa da Tsumburbura. Shi ya sa mutanen unguwa suka yi ta mamaki da aka wayi gari bayan kaka, cikin hunturu, aka ce Malam ya tafi hutu tsaunin Mambila tare da ɗansa na fari.

Mamakin yana da tushe a cikin harshe da al'ada. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma kowace tafiyarsa tana da suna, kuma sunan yana faɗin dalilinta. Akwai fatauci, irin wanda ya kai ayarin Kanawa Gwanja neman goro. Akwai cin rani, da tafiya neman ilmi, da ziyarar dangi, da aikin Hajji. Kalmar hutu kuwa zama take nufi, ko dakatawa daga aiki, ba ta ɗauke da ma'anar ɗaura kaya a bar gida. Da aka buƙaci sunan tafiyar da ba ta da wata manufa sai kallo, sai aka ƙirƙiro “yawon buɗe ido”, alhali kalmar yawo da ma tana da tabo a kunnen dattawa, domin ita ce a cikin yawon banza da yawon duniya. Dutse ma haka. Dala da Gwauron Dutse da Kufena da Kwatarkwashi wurare ne na mafaka a lokacin yaƙi, ko na haƙar tama, ko mazaunin iskoki da ake kai wa yanka. Ba a san mutum mai hankali ya hau su don motsa jini ba.

Turawan da suka mayar da hawan dutse wasa su ma ba da shi aka haife su ba. Sun daɗe suna ɗaukar duwatsun Alps a matsayin wurin haɗari da ake ratsawa bisa tilas. Sai a shekarar 1786 mutum biyu daga garin Shamoni, Jacques Balmat da Michel Paccard, suka fara taka ƙolin Mont Blanc, wanda tsayinsa ya haura mita 4,800. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan duwatsun Alps a Landan, a 1863 Thomas Cook ya fara kai ayarin masu yawon buɗe ido Suwizalan, a 1924 kuma aka yi gasar Olamfik ta wasannin ƙanƙara ta farko a Shamoni. Jirgin ƙasa ne ya sauƙaƙa zuwa, sannan dokar hutu da albashi, irin wadda Faransa ta kafa a 1936, ta buɗe wa ma'aikaci ƙofa. Cukun da makiyayan tsaunukan suke yi don guzurin hunturu shi ne ya koma abincin da baƙi ke biyan kuɗi mai yawa su ɗanɗana. Hutun kan dutse ɗan albashi ne, kuma ɗan Malam ma'aikacin albashi ne a wani asibiti a Kano, yana cikin samarin da sukan haɗu a ƙarshen mako su yi tattaki ko su hau duwatsu.

Shi ne ya zo da maganar. Ya ce shi da abokansa uku za su je su hau Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419, a kan iyakar Kamaru.

“Baba, da za ku yarda da mun tafi tare. Likita ya ce ku riƙa tattaki saboda hawan jinin nan. Ba sai kun hau babban dutsen ba, iskar wurin ma magani ce.”

Malam ba ya kiran sunan wannan ɗa, saboda alkunyar ɗan fari. Ya dube shi ya ce, “Kai, tattaki ai kullum ina yi zuwa gona. Shi dutsen wa ya aike ku kansa? Me aka ajiye muku a can?”

Ɗan ya yi dariya, ya shiga lissafa garuruwan da za su bi. Da ya ambaci Nguroje, sai Malam ya yi shiru. Bayan sallar isha ya aika aka kira shi, ya ce a sa shi cikin tafiyar.

A Nguroje autan gidansu yake. Labarin ya faro ne daga farin shekarar 1984, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, rumbuna suka wayi gari babu komai. Mahaifinsu bai daɗe da rasuwa ba, ya bar musu gona ɗaya babba a bayan gari. Auta ya nemi a raba a ba shi kasonsa ya sayar ya ja jari. Malam yana da albashi, kuma shi ne babba, sai ya ƙi. Ya ce muddin yana raye ba za a sa iyaka a tsakiyar gonar ubansu ba. Magana ta yi zafi har ya faɗi abin da bai kamata ba, ya ce mai sayar da gonar gado ba ɗa ba ne. Da rani ya yi, Auta ya ɗauki 'yar jakarsa ya ce ya tafi cin rani. Damina ta sauka bai dawo ba. Daga baya aka ji yana Yola, sannan aka ji ya hau Mambila yana koli, ya yi aure. Ya zo gida sau biyu, ta'aziyyar mahaifiyarsu da ta wata gwaggonsu, kuma duk zuwan bai kwana a gidan Malam ba. Da waya ta zo, sai gaisuwar Salla ta shiga tsakaninsu, ba ta wuce minti biyu.

Yanzu kuma birni ya miƙo ƙafa. Gine-gine sun bi hanyar Gwarzo sun wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero, sun kai Janguza, dillalan filaye kuma sun riga gine-ginen isowa. Wani dillali ya taya gonar da kuɗin da Malam bai taɓa riƙe irinsu ba. Fansho ba ya isa, magani kullum ƙara tsada yake, ga 'yan mata biyu da za a aurar. Sai dai gonar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma ya san hukuncin sayar da abin da ba a raba ba. Mutumin da ya hana sayarwa shekara arba'in da suka wuce, shi ne zai je neman izinin sayarwa. Irin wannan magana ba a yin ta a waya, kuma girman kai bai bar shi ya ce zai je biko ba. Hutun ɗansa ya zame masa mayafi.

Kwana biyu suka yi a hanya. Sun bi ta Gombe da Numan suka kwana a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Gongola a 1991. Washegari suka bi ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa. Tana naɗe jikin dutse kamar rawani, hagu bango, dama rami mai zurfin da ba a ganin ƙarshensa, manyan motoci suna rarrafe suna huci. Malam ya ji kunnuwansa sun toshe, ya damƙe carbi, bai sake cewa uffan ba sai salati. Da suka ƙare hawan, suka doshi Maisamari, sai ƙasa ta buɗe: tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, babu ƙaya, babu kuka, sai kurmin bishiyar turare da aka dasa, da garken shanu jajaye da farare a warwatse a kan gangara.

Tsaunin yana kimanin mita 1,600 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Masana yanayi sun ce duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri shida, shi ya sa mutumin da ya baro zufa a Serti yake neman bargo a Nguroje. Damina a can takan ɗauki wata bakwai ko fiye, ta Kano kuwa da ƙyar take cika huɗu. Tsayin wurin ya hana ƙudan tsando zama, wannan ne ya jawo Fulani da shanunsu suka zauna tare da Mambilawa manoma, waɗanda tsaunin yake ɗauke da sunansu. Malam, da yake tsohon mai koyar da tarihi ne, ya san yankin bai kasance cikin Nijeriya ba ranar samun mulkin kai. Yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya shigo, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu take amsawa har yau. Ya sha rubuta wannan a allo. Bai taɓa tunanin zai ga wurin da idonsa ba.

Auta yana tsaye a ƙofar shagonsa cikin kwat mai kauri da hular sanyi. Furfura ta cinye gemunsa, kuma ya koma kamannin mahaifinsu sak. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, sannu da hanya.” Malam ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, aka yi ta jera gaisuwa ana maimaitawa, domin kowannensu yana tsoron abin da zai biyo bayanta.

'Ya'yan Auta suka zo gaisuwa. Suna ce wa Malam Bappa, da lafazin Fulatanci, wanda daga gare shi Kanawa suka aro Baffa. Hausarsu ta ba shi mamaki. Ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ƙaramar cikinsu ta ce masa mamarta “ya tafi kasuwa”, kuma ƙ da k duk ɗaya ne a bakinsu. Tsakaninsu kuwa Fulatanci suke yi, domin shi ne harshen kasuwa da unguwa. Hannun Malam ya yi ƙaiƙayin jan biro, irin na mai gyaran littafin ɗalibai, amma ya haɗiye gyaran. Ya lura cewa waɗannan jikokin mahaifinsa ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin rimin da garinsu ya ci sunansa.

Da dare aka kawo tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye mai ɗan ɗaci da ake nomawa a bayan gida, an zuba masa man shanu har yana ƙyalli. Da safe aka kawo kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a cikinsa, da gwaza, da ayaba, da fiya wadda a Kano sai mai hali yake saye ɗaya-ɗaya, a nan kuwa bishiyarta tana tsakar gida. Shayin da suka sha ganyensa daga Kakara ya fito, 'yar tafiya kaɗan daga garin, inda aka kafa gonar shayi tun shekarun 1970, kuma daga can ake yin wanda ake sayarwa da sunan Highland Tea. Malam ya ci ya yi hamdala, amma ya tambaya ko ana samun gero. Auta ya ce sai dai wanda aka hauro da shi daga ƙasa, kuma shekararsa arba'in yana kewar furar gida. Wannan ce magana ta farko da ta fito daga cikinsa ba gaisuwa ba.

Samarin suka ɗauki jakunkunansu da takalman tattaki da tanti, suka hau babura zuwa ƙauyukan kan iyaka, inda za su sami ɗan jagora su ci gaba da ƙafa. Suka ce sai bayan kwana uku. Aka bar tsofaffi biyu a gida ɗaya.

A rana ta biyu Auta ya ce zai je duba 'yan shanunsa da ke hannun wani makiyayi a bayan gari, ko Yaya zai taka masa. Suka fita bayan hantsi, hazo bai gama washewa ba. Tudun da za su hau ba wani abu ba ne a idon mutanen wurin, mata ma suna hawansa da itace a ka. Malam kuwa bai yi rabi ba numfashinsa ya fara sarƙewa, gwiwoyinsa suka yi nauyi. Auta ya miƙa masa sandarsa, ya ce ya riƙa taka gajeren taku, kada ya kalli sama, ya bi hanyar da shanu suka fitar a karkace maimakon ya miƙe. Malam ya bi umarnin ƙaninsa, abin da bai taɓa yi ba. Sau huɗu suna tsayawa. A tsayawa ta ƙarshe ya zauna a kan ciyawa yana jin bugun zuciyarsa a cikin kunne, ya yi tunanin idan ajali ya riske shi a nan, da haƙƙin wannan mutumin a wuyansa zai tafi.

Daga ƙolin tudun ana hango rufin kwanon Nguroje, da layukan bishiyar turare, da kwaruruka masu duhun kurmi inda ruwa ke gudu. Malam ya ga waya mai ƙaya ta kewaye wasu manyan filaye, ya tambaya. Auta ya ce ai faɗin da yake gani na ido ne kawai, kowane tudu da mai shi, kuma a kan ƙasar nan aka yi rikicin watan Yunin 2017 tsakanin manoma da makiyaya, aka yi asarar rayuka da dukiya. Ya ce a kwanakin nan ya rufe shago ya tara iyalinsa a ɗaki ɗaya, yana ta tunanin inda zai kai su idan abin ya iso.

A nan Malam ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi kuɗin da aka taya, ya faɗi bukatunsa, sannan ya ce, “Na hana ka a lokacin da kake da bukata, na kuma faɗa maka magana mai muni. Yau ga ni na zo da irin bukatarka. Ka yafe mini.”

Auta ya daɗe yana kallon shanun kafin ya amsa. “Yaya, na yafe tun tuni, kunya ce ta hana ni faɗa. Amma kasona kada a sayar. Da kun ba ni a wancan lokaci, da na cinye kuɗin a shekara biyu. Yaran nan a nan aka haife su, amma duk ranar da ɗayansu ya je neman takardar shaidar asali don makaranta ko aiki, sai a tambaye shi garin ubansa. Idan ya ce Rimin Gado, me zai nuna a can? Ku sayar da naku in ya zama dole. Nawa a sa masa iyaka, a rubuta, a bar musu.”

Malam ya ji maganar ta dake shi ta fuska biyu. Hanin da ya yi cikin fushi da son iko ya zama shi ne abin da ƙaninsa yake gode masa a kai, iyakar da ya rantse ba za a sa ba kuma ita ake roƙonsa ya sa. Dillalin gonar gaba ɗaya yake so, domin a yanka ta fuloti-fuloti, kuma rabi ba zai yi irin wancan farashi ba. Ya san da haka tun yana zaune a kan ciyawar. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Suka yi azahar a wurin, da ruwan wata ƙorama mai sanyin da ya sa yatsunsu suka ƙage, Auta ya matsa baya ya ce Yaya ya ja su.

Samarin suka dawo a rana ta huɗu, fuska ta bushe, ƙafa ta yi kanta, suna ta nuna hotunan da suka ɗauka a ƙolin Gangirwal, gajimare a ƙarƙashinsu. Ɗan Malam ya tambayi mahaifinsa ko ya ɗan taka. Malam ya nuna masa tudun bayan gari ya ce ya hau wancan. Ɗan ya ce ai wannan ba dutse ba ne. Malam ya ce shi dai ya ishe shi.

Sun sauko da buhun dankalin Turawa, da kwalin ganyen shayi, da galan na man shanu, da babban ɗan Auta, saurayi mai shekara goma sha tara da ke son shiga jami'a a Kano. Mako biyu bayan dawowarsu, Malam ya tara mai unguwa da liman da dattawa biyu da suka san mahaifinsu, aka je gona da igiya aka auna. Aka fitar da kason kowane magaji yadda shari'a ta tsara, aka rubuta, shaidu suka sa hannu, saurayin ya sa a madadin mahaifinsa bayan an kira shi a waya kowa ya ji muryarsa. Dillali ya zo ya ji yadda aka yi, ya rage tayinsa, Malam ya ce zai yi shawara. Har yanzu bai sayar ba, bai kuma ce ba zai sayar ba, kuɗin magani dai suna nan suna jiransa kowane wata.

Mutanen unguwa sukan tambaye shi yadda hutu ya kasance. Yakan ba su labarin sanyi, da hanyar da ke naɗe dutse, da kindirmon da cokali ke tsayawa a ciki. Da ruwan farko ya sauka, an gan shi a gona shi da ɗan ƙaninsa, suna dasa bini-da-zugu a kan sabuwar iyakar, yana nuna wa yaron tazarar da ake bari tsakanin kowane reshe da na kusa da shi, yana kuma gyara masa Hausa.